Takunkumin da Ke Ƙarewa a Tukunyar Talaka

Duk lokacin da wata babbar ƙasa ko ƙungiyar ƙasashe ta ƙaƙaba wa wata ƙasa takunkumin tattalin arziki, akwai maganar da kakakinta ba ya mantawa da ita: abinci da magani ba sa ciki, da shugabanni muke, ba da talakawa ba. Galibi idan ka duba takardar, haka ɗin aka rubuta. Ni dai ban yarda wannan magana ta isa ta wanke kowa ba. Kafin buhun alkama ya bar ƙasar da aka noma shi ya isa bakin yaro a wata ƙasa, sai ya bi ta banki, ya bi ta kamfanin inshora, ya hau jirgin ruwa, ya hau motar da ke shan mai, sannan a samu uba ko uwa da kuɗi a hannu. Takunkumi na iya ƙyale buhun, ya datse waɗannan hanyoyi ɗaya bayan ɗaya.

Ɗauki ɗan kasuwa mai shigo da hatsi a ƙasar da aka sa wa takunkumi. Sun daidaita da mai sayarwa, kuɗinsa na nan, kayan kuma babu dokar da ta hana su. Ya je bankinsa a tura dala. Bankinsa ba ya iya tura dala kai tsaye sai ta hannun wani babban banki a Turai ko Amurka. A can akwai ma'aikacin da aikinsa ke nan, tantance kowace hulɗa, kuma yana ganin sunan ƙasar a kan takarda sai ya fara lissafi. Ribar da bankin zai samu a wannan ciniki ba ta taka kara ta karya ba. Amma idan daga baya aka gano wani mai hannun jari a kamfanin da ke sauke kaya a tashar yana cikin jerin waɗanda aka haramta hulɗa da su, tarar na iya durƙusar da bankin. Kuma ba tsoron banza yake ji ba: a 2014 Amurka ta ci bankin BNP Paribas na Faransa tarar kusan dala biliyan 9 kan hulɗa da Sudan da Iran da Kuba, kuma babu bankin da bai ji labarin ba. Don haka sai ya mayar da takardar, ko ya ajiye ta makonni yana neman ƙarin bayani. Kafin nan mai jirgi ya ƙara kuɗi, kamfanin inshora ya ja da baya. Idan kayan sun iso, sun iso a makare kuma da tsada, tsadar kuma a kan mai saye na ƙarshe za ta sauka. A duk tsawon wannan hanya babu wanda ya ce an hana sayen alkama.

Haƙƙin samun abinci ba sabuwar magana ba ce. Yana cikin sashe na 25 na Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta 1948, sannan sashe na 11 na yarjejeniyar 1966 kan haƙƙoƙin tattalin arziki da zamantakewa da al'adu ya fito da shi fili, har ya ce kuɓuta daga yunwa haƙƙi ne na asali ga kowane mutum. Wasu na ɗauka ma'anarsa gwamnati ta riƙa dafa wa kowa. Matakin farko ya fi haka sauƙi: kada a shiga tsakanin mutum da hanyar da yake ciyar da kansa, gonarsa ce, albashinsa ne, ko kasuwarsa. A 1999 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke fassara wannan yarjejeniya ya faɗa ƙarara cewa ƙasashe su guji duk matakin da zai jefa noma da samun abinci cikin haɗari a wata ƙasa, kuma kada a mayar da abinci makamin matsin lamba na siyasa. Wato nauyin ba ya tsayawa a kan iyakar ƙasarka. Amurka, wadda ta fi kowa sa takunkumi, ta sa hannu a yarjejeniyar a 1977 amma har yau majalisarta ba ta amince da ita ba.

Masanin tattalin arziki Amartya Sen ya nuna tun 1981 cewa ana mutuwa da yunwa alhali abinci na nan a kasuwa. A yunwar Bengal ta 1943, abin da ya kashe mutane da yawa shi ne kuɗin da suke samu ya daina isar su sayen shinkafa. Wannan shi ne ainihin wurin da takunkumi ke bugu. Idan aka hana ƙasa sayar da abin da take samun kuɗin waje da shi, darajar kuɗinta za ta faɗi, masana'antu su rufe, albashi ya zama ba a bakin komai ba. Shago na iya cika da kaya, magidanci ya wuce ta gabansa hannu rabbana.

Iraƙi ce ta fi nuna wannan, kuma ya kamata a tsaya a kanta. Saddam Hussein ya mamaye Kuwaiti ranar 2 ga Agustan 1990, bayan kwana huɗu Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 661, wanda ya rufe kusan duk wata hulɗar kasuwanci da ƙasar. A lokacin Iraƙi na shigo da kimanin kashi biyu cikin uku na abincinta daga waje da kuɗin mai. Aka tsayar da man. Yaƙin 1991 ya zo ya rushe tashoshin wutar lantarki, waɗanda su ne ke juya injinan tace ruwa da na kwashe ƙazanta. Da aka zo gyara, sai aka ce kayan gyara da yawa, har da sinadarin kilorin na tsabtace ruwa, za a iya karkatar da su zuwa aikin soja. Yaron da ke shan gurɓataccen ruwa gudawa ce ke kama shi, abin da ya ci ba ya zama a jikinsa, daga nan sai tamowa. Ko da an shigo da madara, ruwan da za a dama ta da shi ne matsalar. Malaman makaranta da likitoci albashinsu na wata ya koma dala ƙalilan, mutane suka riƙa fitar da littattafai da kayan ɗaki suna sayarwa don su ci.

Shirin mai a bakin abinci, wanda ya ba Iraƙi damar sayar da mai ta sayi abinci da magani ƙarƙashin kulawar Majalisar Ɗinkin Duniya, ya samu amincewa a 1995 da ƙuduri na 986. Saddam ya ja ƙafa kafin ya karɓa, kuma wannan jinkiri laifinsa ne. Abincin farko bai iso ba sai 1997. Ko bayan nan, kwangiloli sai sun bi ta wani kwamiti a New York, inda mamba ɗaya ya isa ya dakatar da su. Zuwa 2002 kwangilolin da aka dakatar sun haura na dala biliyan 5, akasari bisa buƙatar Amurka da Birtaniya, kuma da yawansu na wuta ne da ruwa da sadarwa. Mutanen da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tura Bagadaza su kula da agajin ba su iya jurewa ba. Denis Halliday ya ajiye aiki a 1998 bayan fiye da shekara 30 a Majalisar. Wanda ya gaje shi, Hans von Sponeck, ya bi sahunsa a 2000, tare da Jutta Burghardt mai shugabantar Hukumar Samar da Abinci ta Duniya a ƙasar. Waɗannan ba 'yan amshin shatan Saddam ba ne, ma'aikata ne da suka ga abin da idonsu.

Akwai adadin da aka daɗe ana yawo da shi, cewa yara rabin miliyan ne suka mutu. Binciken da aka yi bayan 2003 ya jefa shakku mai ƙarfi a kansa, har wasu masana suka ce gwamnatin Iraƙi ce ta murɗe alƙaluman. Ba zan gina hujjata a kai ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne amsar da Madeleine Albright ta bayar a 1996, tana jakadiyar Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, da 'yar jarida ta ambata mata wannan adadi. Ba ta musa ba. Ta ce zaɓi ne mai wuya, amma suna ganin abin da ake nema ya kai a biya wannan farashi. Daga baya ta yi nadamar furucin. Sai dai a wannan lokacin ta faɗi lissafin da ke ƙarƙashin manufar: an san akwai masu biya, kuma an san su waye.

Wannan lissafi ya girmi Iraƙi. A 1919 shugaban Amurka Woodrow Wilson ya siffanta ƙaurace wa ƙasa ta fuskar ciniki da magani na lumana, marar hayaniya, mai kisa, wanda idan aka yi amfani da shi ba a buƙatar soja. Ya faɗi haka ne a shekarar da aka ci gaba da toshe wa Jamus hanyoyin ruwa watanni bayan an tsagaita wuta, mutane na fama da yunwa. A Afrilun 1960 wani jami'in ma'aikatar harkokin wajen Amurka, Lester Mallory, ya rubuta takardar cikin gida kan Kuba, wadda daga baya aka fitar da ita fili. Ya ce yawancin 'yan ƙasar na goyon bayan Castro, don haka hanyar da ta rage ita ce a hana ƙasar kuɗi da kaya, a karya albashi, a jawo yunwa da fid da rai har gwamnati ta kife. Takunkumin da aka kammala ƙaƙabawa a 1962 ya haura shekara 60 yana nan, Fidel Castro kuma ya mutu a gadonsa a 2016. Saboda irin waɗannan takardu nake ƙin a kira yunwar da takunkumi ke jawowa kuskure ko tsautsayi. A takunkumin da ya game ƙasa baki ɗaya, wahalar jama'a ita ce injin da ake sa ran zai juya komai: a matse talaka, shi kuma ya tashi ya matse shugaba.

Kuma injin ba ya aiki yadda ake zato. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda ya wayi gari yana tunanin abin da yaransa za su ci ba shi da sukunin shirya zanga-zanga, ballantana ya fuskanci bindiga. A Iraƙi takunkumin ya tattara abinci ya damƙa a hannun gwamnati: kusan kowane gida ya dogara da katin rabon kayan abinci, kuma gwamnatin ce ke ba da katin. Masu ilimi da 'yan kasuwa masu zaman kansu, waɗanda su ne za su iya ja da mulki, suka talauce ko suka tsallaka ƙetare. Na kusa da fada kuwa suka yi arziki da fasa-ƙwauri. Kwamitin binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa ƙarƙashin Paul Volcker ya gano a 2005 cewa kamfanoni fiye da 2,000 sun biya gwamnatin Saddam na goro ta cikin shirin mai a bakin abinci, kuɗin da ya kai kimanin dala biliyan 1.8. Bayan kusan shekara 13 na takunkumi, yaƙin da aka ce ana gudu shi aka yi a 2003. Hatta masanan da suka fi kyautata wa takunkumi zato, irin su Gary Hufbauer da abokan aikinsa, sun ce yana cin nasara ne a kimanin kashi ɗaya cikin uku. Masanin siyasa Robert Pape ya sake duba misalansu 115 a 1997, ya ce 5 kawai ya ga sun cancanci a kira su nasara.

Nijar ma haka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta rufe iyakoki, ta daskarar da kuɗaɗen gwamnati, aka yanke wutar lantarki, kuma ba a ware abinci ko magani ba, a ƙasar da ba ta da teku, a tsakiyar damina lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Motocin kayan agaji suka yi jerin gwano a kan iyakar Benin. A Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, Mohamed Bazoum na tsare, sojoji na kan mulki, ƙasar kuma ta riga ta sanar da ficewarta daga ƙungiyar.

Za a ce yanzu an waye, takunkumin zamani mutum-mutum yake bi. Akwai gaskiya a ciki, kuma hana wani janar biza ko riƙe asusunsa ba ya hana yaro cin abinci. Ba ni da ja da irin wannan. Matsalar tana farawa ne idan abin da aka sa wa hannu babban banki ne, ko mai, ko tashar jiragen ruwa, ko ƙungiyar da ke riƙe da yankin da miliyoyin mutane ke zaune. A Somaliya, dokokin Amurka na yaƙi da ta'addanci sun sa ƙungiyoyin agaji tsoron aiki a yankunan al-Shabaab, ita kuma al-Shabaab tana korar masu agajin. Ba a sassauta dokokin ba sai bayan an ayyana yunwa a Yulin 2011. Kimanin mutum 260,000 suka mutu, rabinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. A Afganistan, da Taliban ta karɓi Kabul a Agustan 2021, aka daskarar da kimanin dala biliyan 7 na babban bankin ƙasar da ke Amurka, aka tsayar da tallafin da shi ne ke ɗaukar yawancin kasafin gwamnati. Bankuna suka ƙayyade cire kuɗi a dala 200 a mako, mutane na kwana a layi don kuɗinsu na kansu. A Oktoban wannan shekarar hukumomin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya suka ce mutum miliyan 22.8, fiye da rabin ƙasar, na fuskantar matsananciyar yunwa. Fari ya taka rawa, mulkin Taliban ya taka rawa. Amma har ta kai Majalisar na ɗauko takardun dala a jirgin sama tana kai wa Kabul, domin babu bankin da zai yarda ya tura.

Shaida mafi ƙarfi daga hannun masu sa takunkumin take fitowa. An shafe shekaru ana cewa takunkumin Siriya bai shafi agaji ba. Da girgizar ƙasa ta auku a Fabrairun 2023, cikin 'yan kwanaki Amurka ta fitar da izini na musamman na kwana 180 domin kuɗin agaji su iya wucewa. Da hanyar a buɗe take, da ba a buƙaci wannan izini ba.

Sannan akwai waɗanda ba ruwansu da rigimar kwata-kwata. Rasha da Belarus na cikin manyan masu sayar da takin zamani a duniya. Bayan mamayar Yukiren a 2022, tan dubu ɗaruruwa na takin Rasha suka maƙale a tashoshin Turai, duk da an ce taki ba ya cikin takunkumi, har sai da Majalisar Ɗinkin Duniya ta shiga tsakani aka fitar da tan 20,000 zuwa Malawi. Manomin da ya rage takin da yake zubawa saboda tsada, a kaka ne zai ga sakamakon, kuma bai san sunan ko ɗaya daga masu rigimar ba. A nan dole a faɗi ɗaya gefen: Rasha ce ta toshe tashoshin Yukiren ta hana hatsi fita, ita ce kuma ta fice daga yarjejeniyar hatsi ta Bahar Aswad a Yulin 2023. Wannan ma mayar da abinci makami ne, kuma hukuncinsa a wurina ɗaya ne.

Na san abin da mai kare takunkumi zai ce, kuma ba maganar banza ba ce. Azzalumin shugaba na fakewa da takunkumi ya rufe satarsa da gazawarsa. Koriya ta Arewa na zuba dukiya a makamai alhali a 2019 an kiyasta mutum miliyan 10 na fama da ƙarancin abinci a ƙasar. Duk na yarda. Amma laifin wani ba ya goge naka. Idan ka san shugaba ba zai ji tausayin jama'arsa ba, sannan ka gina manufarka a kan wahalarsu, ka san tun farko ba shi ne zai ji zafin ba. Rahoton da ya ba da wancan adadi shi ne kuma ya ambaci ƙarancin mai da injinan noma da kayan gyara, waɗanda ƙudurin Kwamitin Sulhu na 2017 ya taƙaita shigar da su. Za a kuma kawo misalin takunkumin da aka sa wa Afirka ta Kudu a zamanin mulkin wariyar launin fata. Can bambancin a fili yake: shugabannin waɗanda ake zalunta, ANC da Desmond Tutu da sauransu, su ne suka nemi a sa takunkumin, da saninsu cewa za su ɗanɗana. Wa ya tambayi matan Basra a Iraƙi ko na Herat a Afganistan?

A tarihin Musulunci akwai ƙauracewar da Ƙuraishawa suka yi wa Banu Hashim a Shi'ibi Abi Ɗalib, kimanin shekara uku ba saye ba sayarwa, har aka ci ganyen itace. Waɗanda suka tashi suka karya yarjejeniyar daga cikin Ƙuraishawan suke, ba su ma karɓi addinin ba. Zuhairu ɗan Abu Umayya ya tsaya a gaban jama'a ya tambaye su yadda za su ci su sa sutura alhali 'yan uwansu na halaka. Ina ganin wannan tambaya ta hau kan duk ɗan ƙasar da gwamnatinsa ke sa takunkumi da sunansa.

An ɗan motsa. A Disamban 2022 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri na 2664, wanda Amurka da Ailan suka gabatar, ya keɓe ayyukan agaji daga daskarar da kadarori a takunkuman Majalisar. Abin a yaba ne, amma gajere ne. Bai shafi takunkuman da ƙasashe ke sawa a gashin kansu ba, kuma masu agaji ya kare, alhali yawancin abincin da mutane ke ci, ko a ƙasar da ake yaƙi, 'yan kasuwa ne ke shigo da shi. Yaman na shigo da kusan kashi 90 cikin 100 na abincinta, kuma babu hukumar agajin da za ta iya maye gurbin wannan ciniki.

Dokar yaƙi ta haramta jefa fararen hula cikin yunwa tun ƙarin yarjejeniyar Geneva ta 1977, kuma soja na iya gurfana a kotu a kan haka. Takunkumi ba shi da irin wannan linzami, domin waɗanda yake ci ba sa jefa ƙuri'a a ƙasar da ta sa shi. Da Jimmy Carter ya taƙaita sayar wa Tarayyar Sobiyet hatsi a Janairun 1980, manoman Amurka ne suka koka, Ajantina ta cike gurbin, Ronald Reagan kuma ya ɗage matakin a Afrilun 1981, wata 15 kacal. Tunda mai yunwa a wata ƙasa ba shi da wannan ƙarfi, sai doka ta tsaya masa. Kafin a sa takunkumin da ya taɓa babban banki ko mai ko taki, a tilasta auna tasirinsa a kan abinci, masu zaman kansu su yi awon, a buga sakamakon kowa ya gani. A sa masa wa'adi, ya mutu da kansa idan ba a sabunta shi da hujja ba. Ƙasar da ta sa shi kuma ta keɓe bankin da za a riƙa biyan kuɗin hatsi da taki da kayan gyaran famfo ta hanyarsa, ta ba shi tabbaci a rubuce cewa ba za a ci shi tara ba.